Juma'ar Ƙarshe ta Sha'aban

Sa'alaba, Jidda
5 ga Rajab, 1384

Zuwa ga maigidana Malam Rafi'u, a Dammam.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau. Innarka ta samu sauƙin gwiwa tun da zafi ya ragu, shekaranjiya ma da ƙafarta ta taka har gidan maƙwabciyarmu Barakatu. Idon ne dai har yanzu, sai ta ji muryar mutum take gane shi. Ta ce in gaya maka ka riƙa rufe ƙirjinka da safe, wai an ce mata sanyin can ya fi namu.

Saƙon da ka ba Haladu direba ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Na sayi gawayi da maganin Inna. Gyaɗar da nake soyawa ma tana tafiya daidai gwargwado.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Sha'abana ta matso. Ga mutanen Jidda fita ce kawai, kowa ya kwashi iyalinsa a je a ci a sha kafin azumi ya kama. Mu kuwa ka san tamu daban ce, tunda a Juma'ar ƙarshe ta Sha'aban aka kawo ni ɗakinka. Bana shekara tara ke nan. Bara ba ka zo ba, ban ce komai ba don sabon kama aiki ne kai. Bana kam na yi magana.

Na riga na fara tanadi. Kullum in zan ɗora shinkafa sai in cire cikin tafi ɗaya in zuba a gwangwani, yanzu ya kusa rabi. Na'ana'ar shayi na shuka a bakin randa, ta fito. Kifi kuwa na san dabararsa: in rana ta take a kasuwar Bangala, masu kifi sukan gaji su saki kaya da araha. Zan yi mana sayadiyya, shinkafa da kifi da albasar da ta soyu har ta yi duhu, yadda kake so. Mu shimfiɗa tabarma a wurinmu na bakin teku, kusa da inda ake gyaran kwalekwale, ƙafar da ta saba kai mu ta kai mu.

Bari in ba ka dariya. Sharifa matar Ubale mai tsire ta shigo jiya tana ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ashe so take in ga awarwaron zinariya guda biyu da ya saya mata. Ta ce bana da taksi za su je bakin tekun Abhur, can bayan gari. Na yi ta yabawa har ta gaji. Tana fita Inna ta ce, “Ke Mastura, wa ya shigo mana da akuya mai ƙararrawa?”

Ni dai ka san abin da nake jira, kuma na daɗe ina jiransa.

Taka,
Mastura

*

Dammam
21 ga Rajab, 1384

Zuwa ga iyalina Mastura.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni cikin ƙoshin lafiya, alhamdu lillahi. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ƙirji a rufe yake. Aiki muna ta yi. Rumbunan ajiye kaya ne muke ginawa kusa da tashar jiragen ruwa, ni ne kan kafintoci huɗu masu haɗa katakon da ake zuba kankare.

Sau uku na karanta takardar nan, na uku a zaune kan tulin katako har aka kira ni ban ji ba. Na gane maganarki, Mastura. Kawaicinki ne ya hana ki faɗa kai tsaye, sai kika biyo da ita ta bakin Sharifa. Ba ki yi laifi ba. Shekara tara kina gidana, kina jinyar uwata, hannunki babu komai sai zoben azurfar nan da ya lanƙwashe. Ubale kuwa jirgi ɗaya ya sauke mu daga Bur Sudan, ni na nuna masa hanyar unguwar Bab Makka a Jidda yana riƙe da ƙullin tsummansa. Yau matarsa ce take shigowa gidana tana kaɗa miki hannu.

To, halas, shi ke nan. Bana ba za ki sunkuyar da kai gaban kowa ba. Mai kwangila ya ce duk wanda ya yarda ya yi aikin Juma'a da na bayan la'asar zai samu ƙari, na ba da sunana tun jiya. Ki mayar da shinkafar nan cikin tukunya ku ci ke da Inna. Kada kuma ki sake tsayawa a Bangala da rana tsaka kina jiran abin da mutane suka tsince suka bari. Najil za mu ci, kifin da attajirai suke ci, ni zan saye shi da sassafe.

An yi mini alkawarin hutun kwana goma. Hanyar ce ba ta da tabbas, wani lokaci mota takan kwana biyu a Riyad. In Juma'ar ta yi ba ki gan ni a gida ba, kada ki zauna jira. Ki bi su Barakatu ki wuce wurinmu bayan an sauko daga masallaci, can zan same ki ko da ƙurar hanya a jikina.

Abin da kika daɗe kina jira, da hannuna zan sa miki shi.

Mijinki,
Rafi'u

*

Sa'alaba, Jidda
6 ga Sha'aban, 1384

Zuwa ga maigidana.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka. Mura ta ɗan taɓa ta, ta sake ta.

Malam, wace takarda ka karanta? Tawa ce kuwa? Na ba ka labarin Sharifa don ka yi dariya, kai kuma ka ɗauke shi ka ɗora wa kanka. Abin da na ce ina jira kai ne. Kai, da ƙafafunka biyu da tsohuwar jakarka. Wata goma sha biyar ban ji tarinka a tsakar gida ba, sai in zauna ina mafarkin awarwaro?

Don Allah ka janye sunanka daga aikin Juma'ar nan. Na san ka in ka gaji, idonka yakan rufe kana tsaye, ga ku kuna aiki a sama. Ni ban taɓa jin kunyar tsayuwa a Bangala ba. Uwata a nan ta tsaya, kakata da ta zo hajji da ƙafa daga Haɗeja ita ma a nan ta tsaya. Shekarar farko da muka fita, kifi ɗaya muka raba, ka sayo mini zaren furen full na ƙirshi ɗaya ka rataya mini, ƙamshinsa ya kwana uku a mayafina. Wannan ya ishe ni.

Shinkafar tana nan a gwangwani, ban mayar ba. Farar rigarka da wuyanta ya cinye na farke na juya shi, ta koma kamar sabuwa.

Ka zo hannu wofi. Na rubuta da manyan baƙaƙe don kada ka sake karanta wani abu daban.

Taka,
Mastura

*

Dammam
22 ga Sha'aban, 1384

Zuwa ga Mastura.

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya ke da Inna. Kada ki damu da ganin rubutun ya canja, wani ɗan'uwa ne Saleh yake rubuta mini saboda aiki ya yi mini yawa.

Ina sanar da ke hutun bai samu ba. Mai kwangila ya ce sai an gama zuba rufin rumbu na uku, babu wanda zai motsa. Na yi roƙo bai ji ba. Ki yi haƙuri, ki ba Inna haƙuri. Kada ki wahalar da kanki da fita bana. In Allah ya yarda da Sallah ina tafe, da alkawarin da na yi miki.

Rafi'u

*

Sa'alaba
2 ga Ramadan, 1384

Zuwa ga Malam Rafi'u, a gidan shan gahawa da ke bayan Bab Sharif, cikin Balad, tsohon garin Jidda.

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Inna ta ɗauki azumi duk da na hana ta. Ba zan tambayi lafiyarka ba, an riga an gaya mini kana tafiya da ƙafarka.

Takardarka ta iso ranar Asabar, kwana ɗaya bayan Juma'ar. Bari in gaya maka yadda Juma'ar ta wuce, tunda ba ka tambaya ba.

Na samu kifi biyu masu kyau. Na dafa, na naɗe tukunyar da tawul, na ɗauki butar shayi da finjali biyu da rigarka a ninke, don na ce za ka iso da ƙura kana son canjawa. Inna ta ce, “Ki ce masa kada ya tsaya surutu da masu kwalekwale, ya zo in taɓa fuskarsa.” Na bi su Barakatu, na shimfiɗa tabarmata ɗan nesa da tasu. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai na miƙe. Da la'asar Barakatu ta zo ta ce, “Yalla, taso ki ci da mu, abincinki zai huce.” Na ce mata yanzu za ka iso. Ta sake dawowa, na sake faɗa mata haka. Ta uku sai ta zauna kusa da ni kawai. Da rana ta kusa faɗuwa na ba masu gyaran kwalekwale tukunyar, suka cinye suna sa mini albarka. Na dawo ina ta addu'a a hanya, don na ɗauka mota ce ta kife da ku.

Da takardar ta zo har sujada na yi, na ce yana raye. Sai ɗan'uwana Yaya Abdulghani ya zo gaishe da Inna, ya ɗauki ambulan yana juyawa, ya ce, “Mastura, wannan ai hatimin gidan wayar Jidda ne. Ba ta taɓa ganin Dammam ba.” Na ce kuskure ne. Ya ajiye ambulan ɗin.

Jiya na tare Ubale a wurin tsirensa. Na ce masa, “Ka dube ni, da azumi a bakinka.” Ya yi ta juya nama, can ya ce ka sa shi ya rantse. Na ce ban tambaye shi komai ba tukuna. Daga nan ya faɗa. Tun Larabar da ta gabaci Juma'ar kana garin nan, kana kwana a kan bencin gahawa. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba tsakaninka da uwarka.

Ubale ne zai kawo maka wannan, ba zan sayi kan sarki don abin da ƙafa take kaiwa ba. Inna ba ta sani ba. Na karanta mata takardarka yadda aka rubuta ta, ta ce Allah ya saka maka kan mai kwangilar nan. Da bakina na yi wa tsohuwa makauniya ƙarya saboda kai.

Ka gaya mini dalili. Ko mene ne, ka rubuta shi da hannunka.

Mastura

*

Balad
4 ga Ramadan, 1384

Mastura,

Wa alaikumus salam. Allah ya karɓi ibadarku. Ga rubutuna kamar yadda kika nema, da hagu nake yi, ki yi haƙuri da karkacewarsa.

Juma'ar farko ta Sha'aban, muna ɗaga wani dogon ƙarfe, igiya ta suɓuce. Hannuna na dama yana ƙasa. Yatsu biyu sun tafi, na tsakiya da mai bi masa, babban kuma ba ya lanƙwasuwa. Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti. Da na fito mai kwangila ya dubi hannun, ya ce ma'alesh, wai sai haƙuri, ya ba ni na mota, ya ce in nemi wani kafili, ubangidan da zai tsaya mini, kafin iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare. Abin da na tara ya tafi a magani da hanya. Takardar da kika aika mini a farkon Sha'aban, Ubale ya ba ni labarinta daga bakin matarsa, amma ba ta same ni ba. Tana can masaukin ma'aikata.

Ranar Laraba na sauka a Bab Makka, na taho har bakin lungunmu. Na ji ƙamshin gyaɗarki. Na dubi kaina: riga ɗaya, hannu a naɗe da tsumma, aljihu babu ko na najil ɗin da na cika baki a kansa. Na tuna na rubuta miki cewa da hannuna zan sa miki. Wane hannun? Sai na juya. Na ce bari in samu ko aikin gadi ne, in tara wani abu zuwa Sallah, in shigo gidana kamar mutum. Saleh mai rubuta wa mutane takardu a bakin gidan waya shi ya rubuta mini waccan, ni na ce ya sa Dammam da tsohon kwanan wata. Na ɗauka za ta iso kafin Juma'a ta hana ki fita.

Akwai abin da Ubale bai sani ba, gara ki ji daga gare ni. Na je. Zuciyata ba ta ba ni cewa takardar ta iso ba, sai na je in duba. Na sayi zaren full a hanya. Na tsaya bayan wani kwalekwale da aka kifa, ina hango ki. Na ga kin shimfiɗa tabarma kin danne gefenta da duwatsu. Na ga kin jera finjali biyu. Na ga kina miƙewa in mota ta tsaya. Sau biyu na ɗaga ƙafa, sai in ga su Barakatu da mijinta da surukansu, in ce yanzu duk za su taso su kewaye ni suna salati, gobe Sa'alaba kaf ta ji Rafi'u ya dawo da rabin hannu babu ko sisi. Tun azahar nake wurin har kika ba da tukunyar. Na bi bayanku daga nesa har kuka shiga lungu.

Na faɗa miki wannan don ki san ban manta ranar ba, ban kuma yi nisa da ke ba. Wallahi ban taɓa son ki kamar yadda na so ki a wannan yinin ba. Ki ƙara mini kwana ashirin kawai. Wani mai sito a unguwar Waziriyya ya ce in dawo bayan sati. Kada ki gaya wa Inna.

Mijinki,
Rafi'u

*

Sa'alaba
5 ga Ramadan, 1384

Malam,

Assalamu alaikum. Inna lafiya. Sannu da hannu, Allah ya sa kaffara ne. Na yi kuka da na karanta, ba zan ɓoye maka ba. Shekara ashirin kana ci da wannan hannu kana ciyar da mu. Da ka shigo ranar Laraba, da ni zan kwance tsumman in wanke, in ba ka abinci a baki, kuma duk wanda ya buɗe baki a unguwar nan da ni zai yi.

Ka ce takardata ba ta same ka ba. Shekara tara da muka yi a ɗaki ɗaya ba su isa su gaya maka abin da ke cikinta ba? Yaushe na taɓa tare ka a ƙofa ina duba abin da ka riƙo?

Da ka tsaya a kan ƙaryar Dammam, da wataƙila zuwa Sallah na huce. Amma ka ce ka je. Ka ce kana tsaye kana kallo. Na karanta wurin nan na ajiye takardar na fita tsakar gida. Ina zaune ina ganin gawarka a cikin kowace mota, ina roƙon Allah ya ɗauki ko mene ne nawa ya bar mini kai, ashe kana bayan kwalekwale da fure a aljihu. Ka ga Barakatu ta zo ta zauna kusa da ni don tausayi. Ka ga na miƙa wa baƙi abincin da na yi wata biyu ina tarawa da tafin hannu. Ka ji kunyar idon mijin Barakatu, ba ka ji tausayin nawa idon ba. Sannan ka rubuto kana kiran wannan so. Ni ban san sunansa ba, amma kada ka sake kiransa haka a gabana.

Kwana ashirin ɗin da ka roƙa ban ba ka ba. Ba zan ƙara yi wa Inna ƙarya ko ta yini ɗaya ba. Yau da safe ta ce ta yi mafarkinka kana kiranta daga bayan gida. Gobe kafin magariba ka zo ka sha ruwa da uwarka, ka ɗora hannun a cinyarta, ka gaya mata komai da bakinka. In ba ka zo ba, jibi ni zan zo in riƙo ta mu taho gidan gahawar, ta neme ka da murya a gaban mutanen da kake kwana cikinsu.

Zan dafa muku in rufe. Zan bar ruwan gishiri da tsumma mai tsabta a kan taga, Barakatu ta iya ɗaurin ciwo, na yi mata magana. Ni Yaya Abdulghani zai zo ya ɗauke ni gobe da la'asar, zan ƙarasa azumi a gidansa. Ban ce ka sake ni ba, ban kuma ce zan dawo ranar kaza ba. Kada ka aiko Ubale, kada ka aiko takarda.

In kana da magana, ka san gidan. Ka zo da rana, ka yi sallama da ƙarfi, ka tsaya a inda zan gan ka.

Mastura